Tsofaffin Faya-fayan Jazz a Sabuwar Fitowar Dijital: Tambayoyi da Amsoshi kan Ingancin Sauti

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawo a tsakanin masu neman faya-fayan jazz na Amurka na shekarun 1950 da 1960, musamman idan mutum ya tarar faifai guda yana da fitowa goma ko fiye, kowace da farashinta da kirarin da ake yi mata. An faro da na tushe, aka gangara zuwa masu zurfi.

Me ake nufi da sake fitar da tsohon faifai a dijital, kuma me ya sa ba a gajiya da maimaita shi?

Kusan duk manyan faya-fayan jazz na wancan zamani an ɗauke su ne a kan tef, wato zaren maganaɗisu mai faɗi da ake naɗewa a kan faranti. Sake fitarwa a dijital shi ne a ɗauko wannan tef daga ma'ajiyar kamfani, a kunna shi a kan inji da aka daidaita da kyau, a mayar da sautinsa lambobi, sannan a sayar da shi a matsayin CD, ko SACD (faifai mai kama da CD da ke ɗaukar lambobi fiye da shi), ko fayil da ake saukewa ko saurara ta intanet.

Dalilin maimaitawar biyu ne. Na farko na aiki ne: lokacin da kamfanonin Sony da Philips suka fito da CD a 1982, kamfanonin waƙa sun yi ta gaggawar cika kasuwa, wasu lokuta da duk tef ɗin da hannu ya fara kaiwa gare shi, kuma na'urorin mayar da sauti lambobi sun inganta ƙwarai tun daga lokacin. Na biyu na ciniki ne tsantsa: faifan da ya mayar da kuɗinsa tun shekaru sittin da suka wuce, duk sabuwar fitowarsa riba ce, shi ya sa ba ya cika shekara hamsin ko sittin ba tare da an yi masa sabon kwali ba.

Mece ce uwar tef, kuma me ya sa kowace muhawara ke komawa kanta?

Uwar tef ita ce wadda aka fara ɗaukar kiɗan a kanta, ko wadda aka fara haɗa faifan a kanta bayan an yanke an jera waƙoƙin. Daga ita ake yin kwafi domin ajiya, da kwafi domin masana'antar buga faifan garmaho, da kwafi domin aika wa kamfanonin ƙasashen waje. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san abin da ke faruwa idan aka naɗi kaset daga wani kaset da shi ma naɗowa aka yi: shuuu ɗin baya yana ƙaruwa, kaifin sauti yana dushewa. Haka abin yake a nan, sai dai asarar ba ta kai ta kaset yawa ba. Wani ƙarin lahani kuma shi ne kwafin da aka yi domin garmaho sau da yawa an riga an rage masa ƙasan sauti an kuma matse shi, don kada allura ta yi tsalle. Idan aka yi CD daga irin wannan kwafi, an gaji gyaran da ba CD aka yi wa ba.

Faifan A Love Supreme na John Coltrane, wanda aka ɗauka ranar 9 ga Disamba 1964, misali ne mai kyau. Uwar tef ɗinsa ta ɓace, kuma shekaru da dama ana fitar da shi daga kwafi mai aibi. Sai a fitowar 2002 aka yi amfani da wani kwafi mai tsabta da aka aika Landan tun 1965, wanda aka gano a ma'ajiyar kamfanin EMI. Abin lura shi ne wannan ma kwafi ne, amma kwafi na kusa da asali wanda ba a wahalar da shi ba, kuma bambancin da ya kawo ya fi duk abin da ƙarin lambobi zai iya kawowa.

Ashe ba duk uwayen tef ɗin ne suke nan ba?

Da yawa babu su. A watan Fabrairu 1978 gobara ta cinye wani ɗakin ajiyar kamfanin Atlantic a garin Long Branch na jihar New Jersey, ta tafi da dubban tef na zaman ɗauka da waƙoƙin da ba a taɓa fitarwa ba. Ranar 1 ga Yuni 2008 wata gobarar ta tashi a harabar Universal da ke California, kuma a 2019 mujallar jaridar New York Times ta ruwaito cewa tef fiye da 100,000 ne suka ƙone, har da na kamfanonin Impulse! da Decca da Chess, ko da yake Universal ta musanta girman asarar. Wasu tef ɗin kuwa ba wuta ta ci su ba, zubar da su aka yi a shekarun 1970 domin rage kuɗin ajiya. Zaman da Coltrane ya yi ranar 6 ga Maris 1963 bai fito ba sai a 2018 da sunan Both Directions at Once, kuma daga wani kwafin mono, wato sauti mai layi ɗaya, da ya tafi da shi gida, wanda iyalan matarsa ta farko suka adana.

Waɗanda suka tsira ma tsufa na cin su. Tef na shekarun 1950 yana bushewa ya riƙa tsinkewa, gam ɗin da aka haɗa yanke-yanke da shi yana sakewa, wasu na shekarun 1970 da 1980 kuma suna danƙo har sai an gasa su a ɗan zafi kaɗan kafin su kunnu. Saboda haka akwai faifan da kwafinsa na dijital na shekarun 1990 ya fi na bana kyau, domin a lokacin tef ɗin yana da sauran ƙarfi.

Mene ne bambancin rimasta da rimis?

Rimasta shi ne sabunta gyaran ƙarshe. Injiniya yana ɗaukar tef ɗin da aka riga aka haɗa, ya daidaita kan injin da yadda aka ɗauke shi, ya yanke shawarar ko zai ƙara ko ya rage ƙasan sauti da samansa, ya tsayar da yawan ƙara. Ba ya iya raba mai ganga da mai fiyano, domin an riga an cakuɗa su. Rimis kuwa komawa ne ga tef mai layuka da yawa a sake haɗa su tun daga tushe.

A jazz wannan bambanci ya danganta da kamfani. Rudy Van Gelder, wanda ya ɗauki mafi yawan faya-fayan Blue Note da Prestige da Impulse!, yana haɗa sautin ne nan take yayin da makaɗa ke bugawa, ya zuba shi kai tsaye a tef mai layi ɗaya ko biyu, don haka babu abin da za a sake haɗawa. Kamfanin Columbia kuwa yana ɗauka a layi uku a ƙarshen shekarun 1950, shi ya sa ake iya sake haɗa Kind of Blue na Miles Davis ko Time Out na Dave Brubeck, kuma shi ya sa fitowarsu ke bambanta wajen yadda kayan kiɗa ke zaune tsakanin hagu da dama da tsakiya.

Me lambobin 16/44.1 da 24/96 da 24/192 ke nufi?

Lamba ta biyu ita ce sau nawa ake auna sautin a daƙiƙa guda, a lissafin dubbai. CD yana aunawa sau 44,100, kuma ƙa'idar lissafi ta tabbatar da cewa hakan ya isa a riƙe duk sautin da bai wuce rabin wannan adadi ba, wato har 22,050 Hz (Hz shi ne ma'aunin kaɗawar sauti a daƙiƙa). Kunnen matashi mai lafiya yana tsayawa ne a wajen 20,000 Hz, na babba kuma ƙasa da haka nesa. Lamba ta farko, wato bit, ita ke nuna tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙara da ƙasan hayaniyar na'ura: a ma'aunin ƙarfin sauti, bit 16 na ba da kusan desibel 96, bit 24 kuma 144 a lissafi, ko da yake babu na'urar da ke kaiwa can a aikace.

To manyan lambobin suna da amfani ga faifan da aka ɗauka a 1959?

Ga injiniya suna da amfani babba. Idan zai kwafi tef mai rauni da ba a son a riƙa kunna shi, hankali ne ya kwafe shi a 24/192 sau ɗaya, ya sami wadataccen fili na gyara ba tare da kurakuran lissafi sun taru ba. Ga mai sauraro kuwa maganar ta sha bamban. Tef na wancan zamani, kafin fitowar na'urar rage shuuu ta Dolby a tsakiyar shekarun 1960, tazararsa ba ta wuce desibel 60 da 'yan kai ba. Ke nan CD ma yana da rarar fili, ƙarin bit ɗin kuwa shuuu ɗin tef kawai suke ɗauka da kyau.

An gwada wannan a ilimance. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun wallafa gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, inda aka sa masu sauraro su bambance SACD da DVD-Audio, faya-fayai masu manyan lambobi, daga sautin da aka rage zuwa matakin CD ba tare da sun ga wanne ake kunnawa ba. A cikin gwaji 554 sun dace a kusan rabi, wanda bai fi canki-canka ba. An soki gwajin da cewa wasu faya-fayan da aka yi amfani da su asalinsu ba masu manyan lambobi ba ne. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje 18, ya sami dacewa ta kusan kashi 52 cikin ɗari, wadda ke ƙaruwa idan an horar da masu sauraron. Abin da za a ɗauka shi ne bambancin, idan akwai shi, ƙanƙane ne ƙwarai idan aka gwama shi da na tef ko na hannun injiniya.

Ina matsayin SACD da DSD?

Sony da Philips ne suka fito da SACD a 1999. Yana amfani da tsarin DSD, wanda ke auna sauti da bit ɗaya tak amma sau 2,822,400 a daƙiƙa, ninki 64 na CD, yana tura hayaniyarsa can sama inda kunne ba ya kaiwa. Bai karɓu a babbar kasuwa ba, amma ya sami mazauni a wajen masoya jazz da kiɗan gargajiyar Turai, kuma kamfanoni irin su Analogue Productions na garin Salina a jihar Kansas da Mobile Fidelity suna ci gaba da buga shi. Yawancin faya-fayan SACD suna da shimfiɗa biyu, ɗaya ta SACD ɗaya ta CD, don haka suna kunnuwa a kowace na'ura, sai dai na'urar CD shimfiɗar CD kawai take karantawa.

Amma ni na ji da kunnena SACD ɗina ya fi tsohon CD ɗina daɗi. Ƙarya kunnena ya yi?

Wataƙila gaskiya ya faɗa, sai dai dalilin ba lallai ne ya zama wanda aka rubuta a kwali ba. Ƙananan kamfanonin da ke buga SACD su ne kuma suke biyan kuɗi a nemo uwar tef, su ɗauki injiniyoyi irin su Kevin Gray ko Bernie Grundman, su kuma bar sautin ba tare da matsewa ba. Ke nan abubuwa uku ne suka canza a lokaci guda: tef, injiniya, da tsarin faifai. Hanyar rarrabewa ita ce a gwada shimfiɗar CD da ta SACD a faifai guda, idan gyaransu ɗaya ne. Duba amsa ta ƙarshe kan yadda ake gwaji.

Tsakanin RVG Edition da tsofaffin CD na Blue Note, wanne ya fi?

Babu tambayar da ta fi wannan raba kan masoya Blue Note. Van Gelder likitan gwajin ido ne da ya fara ɗaukar makaɗa a falon iyayensa da ke Hackensack, kafin ya koma ɗakin da ya gina a Englewood Cliffs a 1959, inda ya yi aiki har kusan rasuwarsa a 2016. CD na farko na Blue Note a ƙarshen shekarun 1980 ba shi ya yi su ba, yawancinsu Ron McMaster ne ya kwafe su, ƙarƙashin kulawar Michael Cuscuna. Sai a ƙarshen shekarun 1990 aka gayyaci Van Gelder ya sabunta ayyukansa da kansa, aka kira jerin RVG Edition.

Masu son RVG suna cewa sautin ya matso kusa, yana da kuzari, kuma wa ya fi mai aikin sanin abin da ya nufa? Masu sukarsa suna cewa ya ƙara kaifi har farantan ƙarfen mai ganga suna sukar kunne, ya ƙara ƙara, ya kuma ƙuntata faɗin sitiriyo, wato rabuwar sauti tsakanin hagu da dama, a faya-fayai masu yawa. Na McMaster sun fi sanyi da faɗi, ba a taɓa su sosai ba, ko da yake wasu na jin su kamar an rufe su da mayafi. A ganina, ga mai lasifika masu kaifi ko mai sauraro da na'urar kunne na dogon lokaci, na McMaster sun fi sauƙin zama, kuma su ne mafi araha a kasuwar tsofaffin CD. Amma hukuncin na faifai-faifai ne, domin Van Gelder bai bi hanya ɗaya a duka jerin ba.

Mono zan nema ko sitiriyo?

A duba shekarar ɗauka tukuna. Faifan garmaho na sitiriyo bai shiga kasuwa sosai ba sai a 1958. Saxophone Colossus na Sonny Rollins, na 1956, a mono kawai aka ɗauke shi, don haka duk sitiriyon da aka gani nasa na jabu ne, irin wanda kamfanoni suka riƙa ƙirƙira a shekarun 1960 ta hanyar tura ƙasan sauti gefe guda, samansa ɗaya gefen, a ƙara amsa-kuwa. A guje shi. Blue Train na Coltrane, na Satumba 1957, ya faɗo a lokacin da Van Gelder ke kunna inji biyu, ɗaya mono ɗaya sitiriyo, saboda haka dukansu na gaske ne. Daga ƙarshen 1958 ya koma ɗauka a layi biyu kawai, yana haɗe su ya fitar da mono.

Sitiriyon farko-farko yana da ɗabi'ar raba makaɗa gida biyu, masu busa a hagu, mai ganga a dama, abin da ke gajiyar da mai na'urar kunne. Wannan ne ya sa wasu suka fi son mono har a faya-fayan da ke da duka biyun. Amma ba doka ba ce: sitiriyon da Roy DuNann ya ɗauka wa kamfanin Contemporary a Los Angeles a 1957, kamar Way Out West, har yau ana kafa misali da tsabtarsa.

Da gaske ne an shekara fiye da talatin ana jin Kind of Blue da gudun da ba daidai ba?

Gaskiya ne, amma rabinsa. An ɗauki faifan a zama biyu, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959, a ɗakin Columbia na titi na 30 a New York. A zaman farko injin da aka dogara da shi yana tafiya ƙasa da ƙa'ida kaɗan, don haka da aka kunna tef ɗin a inji mai lafiya sai waƙoƙi ukun farko suka ɗan yi sauri, muryarsu ta ɗan hau. Makaɗan da ke koyon bugawa tare da faifan sun daɗe suna lura cewa ba ya daidaita da fiyanonsu. An gyara a fitowar 1992 ta hanyar komawa ga tef ɗin inji na biyu da aka kunna domin ko-ta-kwana. Kusan duk fitowar Columbia ta bayan nan tana da gudun daidai, amma tarin araha da aka yi bayani a ƙasa suna iya ɗauke da tsohon kuskuren, gwargwadon inda suka kwaso.

Ina jin shuuu a bayan kiɗan. Aibi ne na fitowar?

Sau da yawa alama ce ta cewa ba a yi wa sautin aski ba. Shuuu ɗabi'ar tef ce, kuma yana zaune a wuri ɗaya da numfashin mai busa saksofon da sautin burushi a kan ganga da amon ɗaki. Tun ƙarshen shekarun 1980 akwai manhajojin goge hayaniya irin su NoNoise da CEDAR, waɗanda ke da amfani wajen cire ƙas-ƙas na faifai, amma idan aka zafafa su sai su tafi da rai tare da datti, fiyano ya koma kamar daga cikin ruwa ake buga shi.

Matsalar ta fi tsanani a kiɗan da ya riga tef, kamar na Louis Armstrong na 1925 zuwa 1928, wanda daga faya-fayai masu juyi 78 a minti ake kwaso shi. A nan sunan John R. T. Davies, injiniya ɗan Ingila, ya zama abin nema, domin yakan bar ɗan ƙara ya tsira da kiɗan. Fitowar 1999 ta wasan Benny Goodman na Carnegie Hall na 1938 ta bar ƙas-ƙas ɗin kusan yadda yake, abin da ya sa wasu suka yaba, wasu suka ce ba ya sauraruwa. Hayaniyar wuri kuwa ba a taɓa ta: ƙarar kofuna da hirar mutane a wasan Bill Evans na Village Vanguard, na 25 ga Yuni 1961, ɓangare ne na faifan.

Me ya sa sabuwar fitowa ta fi tsohuwa ƙara, kuma hakan ci gaba ne?

Dijital yana da rufin da ba a wucewa. Hanya guda ta sa faifai ya fi ƙara ita ce a danne wuraren da suka yi tsini, a ɗaga sauran. Tun shekarun 1990 kamfanoni ke tseren wannan, kuma ko da yake bai yi wa jazz ɓarnar da ya yi wa kiɗan zamani ba, ya taɓa shi. Abin da ake rasawa shi ne tazarar da ke tsakanin taɓawa a hankali da dukan ganga na bazata, wadda ita ce rabin daɗin wannan kiɗa. Tsohon CD da ke buƙatar a murɗa ƙara sama ba rauni ne da shi ba.

Na ga faifai takwas a kwali ɗaya da kuɗin faifai guda. Mene ne sirrin?

Doka ce. A Turai haƙƙin mallakar sautin da aka ɗauka shekara 50 ne a da. An tsawaita shi zuwa 70 daga 2013, amma ba a waiwayi waɗanda wa'adinsu ya riga ya ƙare ba, don haka duk abin da ya fito kafin 1963 kowa na iya buga shi a can. Kamfanonin da ke yin haka ba su karya doka ba, sai dai ba su da hanyar kaiwa ga uwar tef. Daga CD na wasu ko daga faifan garmaho suke kwasa, wani lokaci su ƙara kaifi ko su goge shuuu domin a ce sun yi aiki. A manhajojin sauraro ta intanet ma sun cika, da hotunan kwali daban. A duba layin haƙƙin mallaka a ƙasan jerin waƙoƙi: idan faifan Blue Note ne ya kamata a ga Blue Note ko Capitol ko Universal, na Columbia a ga Sony, na Prestige da Riverside da Contemporary a ga Fantasy ko Concord ko Craft.

CD na zinariya, SHM-CD, XRCD, MQA: akwai wanda ya cancanci ƙarin kuɗi?

Ukun farko duka CD ne na 16/44.1. SHM-CD, wanda ya fito a Japan a 2007, robar jikinsa ce aka canza. Lambobin da ke ciki idan gyaran ɗaya ne ba su bambanta da na CD na kullum ba. XRCD na kamfanin JVC, da kuma CD na zinariya da Steve Hoffman ya gyara wa kamfanin DCC a shekarun 1990, sun yi suna, kuma sun cancanci sunan, amma saboda tef ɗin da aka samo da kulawar da aka yi, kamar yadda aka bayyana a amsar SACD. MQA kuwa tsari ne da ya yi alƙawarin naɗe manyan lambobi a ƙaramin fayil, ya sha suka cewa yana zubar da wani abu. Kamfaninsa ya durƙushe a 2023, manhajar Tidal kuma ta bar shi a 2024 ta koma tsarin fayil na FLAC.

Mene ne rikicin Mobile Fidelity na 2022, kuma me ya shafi dijital?

Kamfanin ya shahara da faya-fayan garmaho masu tsada da masu saye suka ɗauka kai tsaye daga uwar tef ake yanka su. A watan Yuli 2022 wani mai shagon faya-fayai a birnin Phoenix ya tayar da maganar, injiniyoyin kamfanin kuma suka amsa cewa tun wajen 2011 suna fara kwafe tef ɗin zuwa DSD kafin yankawa. Aka kai ƙara, aka ƙare da sulhun da aka ƙiyasta a kusan dala miliyan 25. Laifin na ɓoye gaskiya ne. Amma abin da ya shafi batunmu shi ne shekaru goma masana da mayun sauti suna yabon waɗannan faya-fayai a matsayin hujjar fifikon analog, wato sautin da ba a mayar da shi lambobi ba, babu wanda kunnensa ya kama matakin dijital ɗin da ke ciki.

Sake fitarwa na iya canza abin da ke cikin faifan kansa?

Yana iya, kuma faifan Ellington at Newport na Duke Ellington ne babban misali. Faifan da Columbia ta fitar na wasan 7 ga Yuli 1956 ba duka a filin aka ɗauke shi ba. An sake buga wani ɓangare a ɗakin ɗauka aka liƙa masa tafi. Mai busa saksofon Paul Gonsalves kuma ya yi doguwar busarsa ta zagaye 27 ne a gaban makirufon gidan rediyon Muryar Amurka, ba na Columbia ba, shi ya sa ake jin sa daga nesa. Da aka gano tef ɗin Muryar Amurka a shekarun 1990, sai aka daidaita shi da na Columbia a kwamfuta, ɗaya a hagu ɗaya a dama, aka fitar da cikakken wasan a sitiriyo a 1999. Wannan aiki ne da ba zai yiwu da almakashi da gam ba.

Ƙarin waƙoƙi kuwa, wato ɗaukar da aka ajiye ba a zaɓa ba, wani lokaci taska ne, wani lokaci cikon wuri. Abin da ke ɓata rai shi ne tsofaffin CD da ke cusa su a tsakiya, a ji waƙa ɗaya sau biyu a jere, tsarin da makaɗin ya yi wa faifansa ya wargaje.

Wace na'ura nake buƙata, kuma nawa ne nauyin fayilolin?

Lasifika da ɗaki, ko na'urar kunne, su ne suka fi komai tasiri. Ƙaramar na'urar DAC, mai mayar da lambobi sauti, da ake maƙala wa waya ta wadatar. Mafi yawan haɗin Bluetooth yana matse sauti: tsarin LDAC ma iyakarsa kilobit 990 a daƙiƙa, alhali CD na buƙatar 1,411, don haka wanda ya sayi 24/192 ya saurara ta Bluetooth bai ji abin da ya biya ba. Inda fanka ke juyawa ko janareta ke ruri kuwa, sautuka marasa ƙarfi na CD ma sun riga sun nutse.

Ga mai sayen data da awo lissafin yana da muhimmanci. Faifai mai minti 45 yana cin kusan megabayit 108 a MP3 na 320, kusan 250 zuwa 300 a FLAC na matakin CD, a 24/192 kuma ya haura gigabayit ɗaya da rabi. FLAC ba ya zubar da komai, yana naɗe lambobin ne kawai, don haka sautinsa da na WAV, fayil ɗin da ba a naɗe ba, ɗaya ne.

Ta yaya zan gwada fitowa biyu da kaina?

A fara da karanta bayanin kwali ko shafin intanet na Discogs, mai tattara bayanan faya-fayai: wa ya yi gyaran ƙarshe, a wace shekara, daga wane tef. Kamfanin da ya samu uwar tef ba ya ɓoyewa. Wanda ya tsaya a kalmomin ado kawai, akwai dalili. Sannan a daidaita ƙarar fayilolin biyu da ma'auni, ba da kunne ba, domin bambancin da bai kai desibel ɗaya ba ya isa ya sa mafi ƙara ya zama kamar mafi kyau. Manhajar foobar2000 tana da ReplayGain na daidaitawa, tana kuma da ƙarin ABX da ke ɓoye wanne ake kunnawa ya ƙirga dacewar mutum.

A zaɓi ɗan gajeren wuri, daƙiƙa goma zuwa ashirin, a maimaita shi. A faya-fayan Van Gelder a saurari farantan ƙarfen mai ganga da fiyano, domin nan ne kaifi da matsewa ke fara bayyana. A na Columbia a saurari babban bas da amon ɗaki bayan an yanke busa. Bayan gajeren gwajin a saurari faifan gaba ɗaya a kowace fitowa a ranaku daban, domin kaifin da ke burgewa a minti na farko shi ne kan gajiyar da kunne kafin a kai waƙa ta huɗu.